Makullin ɗan acaɓa

Gwarzo, Asabar, uku ga Sallah, bayan isha'i.

Yau dai na kai Inna dam ɗin Challawa. Shekara nawa tana roƙona in kai ta ta ga inda ruwa ya cinye ƙauyensu, tun idonta bai gama mutuwa ba.

Bas ta sauke mu a Ƙaraye, da sauran tafiya, ga ciwon gwiwar Inna. Tunda aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ba wanda ya yarda ya tsaya mana. Har na ce mu juya, sai wani mai furfura ya kashe mashin ɗinsa.

Ya ce, "Malam, ka iya tuƙi?" Na ce na iya.

"To, mahaifiyarka ce, ba mai hana ka ɗaukarta."

Ya miƙo min makulli, ya koma gindin darbejiya ya zauna. A wannan tsadar rayuwar, kuma ranar ciniki.

Inna ta daɗe tana nuna min ruwa, can rijiyarsu take, can kukar ƙofar gidansu. Sai la'asar muka dawo. Ina ta ba shi haƙuri, shi kuwa Inna ya duba.

"Hajiya, kin ga gida?"

Ta ce ta gani.

Sai yanzu na tuna, ko sunana bai tambaya ba.