Bakin Malam Haliru

Bungudu

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya karatu? Tunda aka rufe layukan waya ba ni da hanyar samunki sai ta hannun Arzika direba.

An sallamo maigidana Malam Haliru daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma babu. Yana kallona, bakinsa na motsi, sai hawaye. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa yara karatu. Likita ta ce mu riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti, mu kuma dinga yi masa magana kullum. Amma yayansa Dogo ya zo daga 'Yankuzo ya ce wahala ce kawai muke ba shi, wai abin da ya mutu a kai ba ya tashi. Ranar kasuwar Tsafe zai dawo ya tafi da shi gida.

Ke ce mai karatun ƙwaƙwalwa. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi: akwai amfani, ko in bar shi ya tafi?

Yayarki,
Ma'u

Gusau

Zuwa ga Yaya Ma'u,

Na gaishe ki, na gaida Malam da jiki. Allah Ya ba shi lafiya.

Yaya, ni ba likita ba ce, ban taɓa duba mara lafiya ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da nake aiki da su a cikin kwamfuta suke, na kwaikwayo ne. Nakan ƙirƙire su da yawa, in haɗa su da juna, in zauna in ga yadda saƙo ke yawo a tsakaninsu.

Ga abin da na gani da idona. In na sa duk saƙo ya bi ta wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan, ina cire su komai ke yin tsit. In kuwa kowace ƙwaya tana haɗe da maƙwabtanta, da wasu kuma na nesa, ko na cire wani yanki aikin ba ya tsayawa gaba ɗaya. Yakan yi rauni sosai. Amma in na ci gaba da tura saƙo, ƙananan hanyoyin da a da ba a bi sai su fara ƙarfi. In na daina turawa, haka suke zama.

Dogo yana da gaskiya a abu ɗaya, ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa. Sai dai ba ita kaɗai ke ɗauke da magana ba. Ban san yawan abin da ya rage wa Malam ba, kuma kan mutum ya fi abin da ke kwamfutata nesa ba kusa ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba. Amma ki bi maganar likita. Kar ki bari a kai shi inda za a ajiye shi a ɗaki shiru.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Bungudu

Sa'adiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ya cika.

Dogo ya zo da mota kamar yadda ya ce. Na karanta masa takardarki a tsakar gida, Malam na zaune a kan kujera. Da na gama ya ce, "Ma'u, ita da bakinta ta ce na kwaikwayo ne. Ƙanena ba na'ura ba ne." Ba mugunta ce ta kawo shi ba, kuka yake yi lokacin da ya ɗaga Malam.

Sun kai bakin ƙofa sai Malam ya riƙe ƙyauren da hannun hagu. Dogo ya ce, "Saki mana, Haliru, gida za mu." Bakin Malam ya daɗe yana rawa. Sai muka ji ya ce, "A'a."

Dogo ya maida shi kan kujera, ya durƙusa gabansa ya ce, "Sake faɗi." Ya sake. Direban da ya kawo Dogo ya koma Tsafe shi kaɗai. Dogo ya kwana biyu a nan, kuma shi ya kai shi gashi da kansa.

Yanzu yana kiran sunana, ko da yake rabinsa ke fita. Fatiha ma yana bina muna yi tare. Na fara iya cin abinci, Sa'adiya.

Yayarki,
Ma'u

Bungudu

Sa'adiya,

Sallama. Da hagu na rubuta. Ki yafe rubutun.

Jiya na yi wa Ma'u faɗa kan gishiri. Ta yi ta dariya.

Ki zo hutu. Ina da tambayoyi.

Haliru