Ajin da Aka Hana Dalanda

Safakis, Fabrairu

Zuwa ga Yayana Munji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Umma da matarka Haniyya da yara. Yaya hanya, yaya fasinjoji? Ina fatan motar nan taka ta daina tsayawa tana tari a tsakiyar titi.

Kwalejinmu ta raba mu makarantu don gwajin koyarwa. Biyu-biyu ake turawa. Ni da wata 'yar ajinmu, Ulfa, 'yar cikin garin nan, aka kai mu wata firamare kusa da tsohuwar ganuwa. Shugabanta, Si Munsif, ya karɓe mu. A ƙarshen zango sufeto zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda kowacce ke koyarwa, kuma da abin da ya gani za a ba mutum takardar malanta ko a hana shi.

Komai lafiya lau. Ka ce wa Umma lallen ya iso, 'yan ɗakinmu sun wawashe shi, wai babu kamar lallen garinmu Gabis.

Ƙanwarka,
Dalanda

Gabis, Maris

Dalanda,

Muna lafiya, kowa na gaishe ki. Motata ƙalau take, ta fi ki gaskiya ma, don ita in tana ciwo takan faɗa.

Jiya na ɗauko Inna Zina daga Safakis, wadda ke shara a makarantarku. Ba mu fita gari ba ta leƙo ta bayan kujerata ta ce, "Munji, ashe gadin littattafai ƙanwarka ta je koyo?" Na ce wane irin gadi? Ta ce tun makon farko wasu mata biyu suka je wajen shugaban, suka ce ba su kawo 'ya'yansu makaranta don baiwa, wai baƙar fata, ta tsaya a kansu ba. Shi kuma ya ba Ulfa ajin, ke ya sa ki a ɗakin littattafai kina kakkaɓe ƙura. Ta faɗi wannan a gaban fasinjoji cike da mota, ni kuwa ina ta cika baki tun daga tasha cewa ƙanwata malama ce.

Ba kunyar da na sha ce ta dame ni ba. Wata guda kina zaune a ɗakin nan, kika ɗauki alƙalami kika rubuta mini maganar lalle.

Na san abin da za ki ce, haƙuri. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da romon ba. Ran Litinin ina da lodin Safakis. Zan sauke mutane, in zo in ga wannan Si Munsif ɗin ido da ido, ya maimaita kalmar a gabana in ji daɗinta. Umma ba ta sani ba tukuna.

Yayanki,
Munji

Safakis, Maris

Yaya Munji,

Na gode Allah da wasiƙarka ta riga ka isowa. Ina gaishe ka, kuma ina roƙonka don girman Allah kada ka zo. In ka ɗaga murya a ofishin nan, gobe gari zai ɗauka cewa baƙaƙen fata sun zo makaranta da rigima, kuma ba wanda zai ƙara tuna abin da aka yi mini.

Inna Zina ba ta yi ƙarya ba. Shi Si Munsif bai taɓa zagina ba. Da murmushi ya ce, "'Yata, ki zauna nan har ƙura ta lafa. Kin san iyaye." Kullum da safe nakan tambaye shi, kullum yakan ce gobe. Ulfa takan kawo mini abincin rana ta zauna tana kallon ƙasa. Ta ce tana tsoro, ita ma takardarta a hannunsa take. Ban ga laifinta sosai ba.

Na yi shiru ne don na ga ni kaɗai ce, kuma na ji tsoron a ce 'yar kudu ta zo da ƙorafi. Da na karanta wasiƙarka na kasa zama. Na tafi wajen Malama Rafika, wadda ke kula da gwajinmu a kwaleji. Mace ce mai tsanani, ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Na faɗa mata komai a tsaye. Ta cire tabarau ta ce, "Sau nawa kika riƙe alli a gaban yara?" Na ce ko sau ɗaya. Ta mayar da tabarau ta ce, "Je ki. Ran Alhamis kowa ya zo zaure." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ban san ko na gyara ba ne ko na ɓata. In shekarar nan ta lalace, sai in maimaita. Kada ka faɗa wa Umma, hawan jininta ya ishe ta.

Ki gaishe mini da yara, Haniyya, na san ke ma kina karantawa.

Dalanda

Safakis, Mayu

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ka yafe mini shirun da na yi, ban so in rubuta ba sai abin ya kai ƙarshe. Na gode da ka ji maganata ka zauna.

Ran Alhamis ɗin nan Malama Rafika ta tara mu duka, ta ce kowa ya tashi ya faɗi ajin da yake koyarwa. Aka yi ta tashi ana faɗa. Da aka zo kaina na ce, "Ɗakin littattafai." Wasu suka fara dariya, suka ga fuskarta suka haɗiye. Can sai Sagayyar, wani ɗan garin Kibili, baƙar fata kamarmu, ya tashi ya ce shi tsaron yara yake a fili lokacin tara, a wata makarantar daban. Bayansa wata 'yar garin Madanin, ita ma baƙa, ta ce rabon burodi aka sa ta. Yaya, kullum muna haɗuwa da mutanen nan a ɗakin cin abinci, kowa na ce wa kowa komai lafiya.

Malama ta ce, "Shekara da shekaru ina tura ɗalibai, ban taɓa yin wannan tambayar ba. Daga yau zan riƙa yin ta duk mako." Washegari ta bi makarantun uku da ƙafarta. Ulfa na bakin ƙofa, ita ta ba ni labarin yadda suka yi da Si Munsif. Ya ce, "Malama, iyaye fa." Ta ce, "Ɗalibai biyu na aiko maka, ban aiko ɗaya da rabi ba. Ko su koyar su biyu, ko in kwashe su biyu, kuma baɗi ba za ka ga kowa daga wajenmu ba." Ta juya ta tambayi Ulfa ko ta yarda a janye ta, Ulfa ta ce ta yarda.

Kada ka ɗauka zuciyarsa ce ta sauya. Malamansa biyu suna hutun haihuwa, ba shi da mai riƙe masa azuzuwa. Ya ba ni aji huɗu yana ta huci.

Ɗaya daga matan nan biyu da suka kai ƙarata ta cire ɗanta ta kai wani ajin. Ɗayar ta zo da kanta ta zauna a benci na baya, jaka a cinya, tun safe har aka tashi. Ba ta gaishe ni ba, ba ta yi mini sallama ba. Amma washegari 'yarta ta zo, har yau kuma tana zuwa.

Sufeto ya zo shekaranjiya. Lissafin raba lamba na koyar. Alli ya karye mini sau biyu, kuma ƙararrawa ta kaɗa ban gama ba. Da yara suka fita ya ce, "Kina sauri da yawa, kuma kina manta na gefen taga. Amma sun gane. Kin ci." Na fito na zauna a kan matakala. Sagayyar ma ya ci. 'Yar Madanin sai mako mai zuwa, ku sa ta a addu'a.

Kwaleji ta mai da maganar Malama doka: duk makarantar da ta karɓi ɗalibanmu, sai ta ba kowa aji daidai da abokinsa. Na jima ban yi barci mai nauyi irin na kwanakin nan ba.

Ƙanwarka,
Dalanda

Gabis, Mayu

Malama Dalanda,

Barka, barka. Haniyya ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu.

Na zauna zan karanta wa Umma wasiƙarki, ina tsallake wuraren da kika sani. Tana tsintar alkama, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Takarda biyu ce a hannunka, ka karanta mini rabin ɗaya. Koma ka karanta inda ka tsallake." Na karanta mata duka. Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce Zina ta gaya mata tun ranar da na sauke ta, ta dai bar mu ne mu yi ta ɓoye-ɓoyenmu.

Ta ce in tambaye ki ranar da za ki iso, da kuma ko ita Malama Rafikar tana cin kuskus da kifi. Kujerar gaba taku ce.

Yayanki,
Munji