Makin Ya Cika Bayan Baba

Waziriyya, Jidda

Yaya Zaharadden,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Inna tana samun cin abinci kuwa? Ka gaishe da Khairiyya da yara. Ni lafiya lau nake, ƙafar ce dai takan kumbura in na daɗe a tsaye, amma ba komai.

Ka tambayi abin da ya hana ni zuwa da Baba ya kwanta. Babban kantin da nake yi wa uwar ɗakina Mashael cefane yana da wani kati. Duk sayayyar da ka yi sai su ba ka maki, in ya taru ka yanki tikitin jirgi da shi. Shekara uku ina tarawa. Da ka kira ni, saura kaɗan ya cika. Kafili, mai gidan da nake aiki a hannunsa, ya yarda in tafi, kuɗin jirgi ma ina da su, amma na ce bari in jira wata biyu, kuɗin mu kai Baba babban asibiti da su. A ganina dabara na yi.

Jiya ina yanka albasa saƙo ya shigo wayata, wai mabruk, wato barka, makina ya cika. Mashael ta ɗauka albasar ce ta sa ni hawaye.

Don Allah a ajiye mini hular Baba ta Juma'a. Zan zo bayan salla da tikitin kyautar. Ka nuna mini inda yake kwance, Yaya, ko daga nesa ne.

Allah Ya jiƙansa.

Ƙanwarka,
Zubaidatu