Haɓata Ta Ƙone a Gonar Gyaɗa

Yaya Ummu,

Na bi motar farko zuwa Kano, ban tashe ki ba.

Ranar da aka cire min gashin haɓa da na'urar lesa mai ƙone gashi, likita ta ce kada rana ta taɓa wurin sai bayan mako biyu. Jiya Baba ya ce mu fita cirar gyaɗa. Da wane baki zan ce masa gemu na je cirewa? Na shafa man kaɗanya na bi su, muka wuni.

Yanzu wurin ya yi baƙi ƙirin, ya ɗuri ruwa. Don Allah ki san abin da za ki gaya wa Baba.

Yaya, gashin ko ba komai ina tsige shi duk Juma'a. Wannan tabon da me zan tsige shi?

Naja'atu