Da Ni Za a Hau

Lugbe, daren Lahadi

Ban faɗa wa kowa ba, amma jiya da jif ɗin Kawu ta fara tsalle a duwatsun Filato cikin duhun asuba, addu'a nake yi tayar motar ta fashe mu koma. Da hanya ta ƙare a gindin dutsen da za a hau, Yaya Sadik ya ce, "Auta, zauna ki yi gadin jakunkuna kamar kullum."

Sai na ji bakina ya ce, "A'a, Yaya, da ni za a hau."

Na kuje gwiwa, amma rana ta fito ina tsaye a bakin ramin tsohon dutsen aman wuta. Kawu ya ce, "Ashe kina magana!"

Gobe idan Malama ta nemi mai ba da labarin hutu, zan ɗaga hannu.