Katifata ce ta toshe kaniwo

Assalamu alaikum Tanti, da ke da masu karanta shafin nan. A ɓoye sunana. Kuma don Allah masu wa'azin ƙasan rubutu ku dakata, na san na yi laifi, ba sai kun tuna mini ba.

Ina zaune a Zongo, nan Niamey, ina kitso a wani ɗan salon kusa da gidanmu. Duk wanda ya san layinmu ya san al'adarmu: da hadari ya haɗu, ruwa ya fara sauka, kowace mace sai ta fito da bokitin shararta ta juye a kaniwo, wato magudanar ruwan da ta bi ta ƙofar gidajenmu, ruwa ya tafi da ita. Ina ya kai? Ba wadda ta taɓa tambaya. Haka na taso na gani.

Sati biyu da suka wuce na canza katifa. Tsohuwar, ta soso mai shuɗin yadi, ta tsaya mini a tsakar gida. Akwai wani dattijo, Baba Ilu, mutumin Tahoua, da ke bin gidaje da amalanke yana kwashe shara. Na tsayar da shi na ce ya ɗauke mini. Ya ce, "Ɗiyata, yau amalanken ya cika, ki bari sai Alhamis." Na ce, "Alhamis? Baba, katifa ce fa, ba gawar raƙumi ba." Ya yi dariya ya wuce. Ni ba ni da haƙurin jira. Washegari da azahar ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, na naɗe ta na ja ta na tura a kaniwo, na ɗora buhun tsohon gashin kitso a kai. Ina kallo ta tafi, har na ji daɗi.

Ba ta yi nisa ba. Ta maƙale a ƙarƙashin 'yar gadar da ke ƙarshen layi, ledoji suka taru a bayanta, ruwa ya juyo ya shiga gidan Inna Rabi, tsohuwar da ke soya ƙosai a nan. Bangon ɗakinta na ƙasa ne, ya zube. Allah ya sa tana waje. Yanzu a gidan ƙanwarta take kwana.

Ku zo ku ga munafunci. Da yamma layin ya cika, kowa ya zama malamin tsafta. Hajiyar da na gani da idona tana juye ruwan wanke-wanke da ƙasusuwan kifi ita ce ke cewa, "Mutane ba su da tsoron Allah!" Samarin fada, 'yan zaman majalisar bakin layi da ba su da aiki sai shayi da jefa ledar ruwa inda suke zaune, su ne ke zagin hukuma. Ni ma na taya su, har muryata ta fi ta kowa. Kuma ƙarya na yi? Ina kwandon sharar da aka ce za a aje mana? Masu zuwa sau ɗaya a shekara da riguna iri ɗaya, su share taku goma a ɗauki hoto, ina suke ranar? Masu kamfanin ruwan leda da suka cika garin da leda, wa ya taɓa ganinsu sun duƙa sun tsinci ko ɗaya? Duk gaskiya ne. Amma ba su suka ja katifar ba, ni ce.

Da samari suka zaro ta da ƙugiya, sai Hajiyar nan ta ce ai irin wannan babban kaya mai amalanke kaɗai ke ɗauka, wataƙila Baba Ilu ne ya ji nauyi ya sauke a hanya. Shi ke nan magana ta zauna. Hukuma ta yi musu nisa, kamfani ya fi ƙarfinsu, sai suka samu tsohon da ba shi da kowa a Niamey. Gidaje sun daina ba shi shara. Ranar Juma'a bayan masallaci mai unguwa zai zauna, ana cewa za a hana shi shiga layin gaba ɗaya, wasu har da cewa a karɓe amalanken a ba Inna Rabi ta sayar.

Jiya na ci karo da Baba Ilu a bakin titi, amalanken ba komai a ciki. Na so in kauce. Ya ce, "Ɗiyata, ina gajiya?" Na ce, "Baba, ka san katifar ta wace ce, ko?" Ya ce, "Na san shuɗin yadi. Amma ke yarinya ce, gobenki na da tsawo. Ni ban ga komai ba." Ya tura abinsa ya tafi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

In na yi magana, waɗannan matan da ba su fi ni tsafta ba za su samu abin taunawa har shekara, mahaifiyata ba za ta iya haɗa ido da Inna Rabi ba, kuma ba wadda za ta sake zama a gabana in yi mata kitso. In na yi shiru, tsohon nan ya rasa abin da yake ci da shi saboda na kasa jira har Alhamis. Juma'a jibi ce. Me zan yi?