Allon Gidan Mama

Valdivia, 9 ga Yuni

Ƙanena Nolberto,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Jiya ƙungiyar tarihin gari ta buɗe allon da ta kafa a bangon gidan Mama. An rubuta: "A nan Evaristo Quilodrán, ɗalibi, ya zauna. Sojoji sun tafi da shi a 1973, bai dawo ba." Ana ruwa, kowa da lema. Shugaban ƙungiyar, Don Casimiro, yana janye ƙyallen da ya rufe allon, sai wani tsoho ya matso ya ce, "Malam, akwai gyara. Na dawo."

Na ce, "Kai, tsoho, ba a wasa da mamaci!" Ya dube ni ya ce, "Minia, har yau bakinki bai mutu ba?" Ban da Yaya Evaristo wa ke ce mini Minia? Shi kuwa Don Casimiro ƙyallen ya riƙa goge fuska da shi.

Yaya Evaristo ya ce daga motar sojoji ya diro, ya tsallaka duwatsu zuwa Ajantina. Yana da 'ya'ya har da jikoki. Jikarsa ce ta ga sanarwar bikin a waya. Ga shi nan a kicin yana shan shayin mate da ƙoƙon Mama.

Yayarka,
Herminia

Santiago, 15 ga Yuni

Yaya Herminia,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki.

Jikoki! Mama ta ƙare rayuwarta tana bin barikoki da hotonsa a ƙirji. Ni aka tsare ana duka a kan in faɗi inda yake, har yau kunnena na hagu ba ya ji. Shekara hamsin, ko katin gaisuwa babu? A bar allon yadda yake. Wanda aka tafi da shi bai dawo ba.

Ki huta lafiya,
Nolberto

Valdivia, 21 ga Yuni

Nolberto,

Na gaishe ka. Na karanta masa wasiƙarka, ban tsallake komai ba. Bai san an kama ka ba. Ya fita bayan gida ya yi ta amai.

Ya ce da farko tsoro ne, kada wasiƙa ta jawo mana sojoji. Da mulkinsu ya ƙare kuma ya ji Mama ta rasu, sai ya rasa idon da zai dube mu da shi. Ban ce hujja ba ce. Na mare shi, sannan na zuba masa miya.

Ƙungiya ta rasa yadda za ta yi da allon. Shi kuma Yaya Evaristo ranar Lahadi zai koma Ajantina.

Yayarka,
Herminia

Santiago, 24 ga Yuni

Yaya,

Motar da zan shiga za ta iso Asabar da safe. Ban ce na yafe ba. Kada ya zo tasha tarbata, ya jira ni a bakin kabarin Mama.

Nolberto